Ƙararrawar da Aka Daina Yarda da Ita: Nazarin Gobarar Boland Hall

Da misalin ƙarfe 4:30 na asubar Laraba, 19 ga Janairun 2000, ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka a Boland Hall, ginin da ɗaliban shekarar farko ke kwana a Jami'ar Seton Hall, a garin South Orange na jihar New Jersey a Amurka. Ƙararrawar ta yi abin da aka kafa ta dominsa, an kuma ji ta. Amma da yawa daga cikin masu barci gyara kwanciya kawai suka yi, suka ƙara jan bargo.

Kada a yi saurin ganin wautarsu. Daga watan Satumba da aka buɗe zangon karatu zuwa wannan dare, sau 18 ƙararrawar ginin tana tashin mutane alhali babu wuta. In ka cire kwanakin hutu, kusan kowane mako ke nan. Yaro ɗan shekara 18 ya sauko daga bene da tsakar dare, ya tsaya a waje cikin sanyi da kayan barci, yana jiran 'yan kwana-kwana su gama zagaye gini su ce a koma. Ya yi haka sau ɗaya, sau biyar, sau goma. Ranar da wutar gaske ta zo, darasin da ginin ya koya masa ne ya yi aiki da shi.

Na zaɓi wannan lamari ne saboda duk lokacin da aka taso da maganar tsofaffin na'urorin ƙararrawa da har yanzu ke maƙale a bangon jami'o'i, tambaya ɗaya ake yi: tana aiki? Abin da ake nufi kuwa, in an taɓa ta tana ƙara? A Boland Hall amsar ita ce e, kuma duk da haka mutum uku suka rasu.

Ginin da daren

An gina Boland Hall a 1952. Hawa shida ne, kuma a lokacin gobarar ɗalibai kusan 640 ke kwana a cikinsa. A daren da abin ya faru ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar ta ci ta St. John's, saboda haka an yi ta murna, ba a kwanta da wuri ba. Wutar ta tashi ne a falon da ɗalibai ke zama a hawa na uku, inda aka cinna wa wata doguwar takardar ado wuta, ita kuma ta kama kujera. Kujerun kushin uku ne a falon. Soson da ake cusa wa irin waɗannan kujeru daga ɗanyen mai ake sarrafa shi, idan ya kama yana ci da gaggawa, yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba wanda numfashi kaɗan na cikinsa ya isa ya jirkita mutum. Cikin ƙasa da minti biyar zafin falon ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyos.

Minti biyar. Wannan shi ne duka lokacin da aka samu, kuma shi ne lokacin da mutane suka ɓatar suna kwance suna jiran ƙarar ta tsaya. Waɗanda suka tashi daga baya, saboda ihu ko bugun ƙofa ko warin hayaƙi, sun buɗe ƙofa suka tarar da lungu ya toshe da duhu. Wasu suka rarrafa suna laluben hanyar matakala, wasu suka nufi ɓangaren da wutar take ba tare da sun sani ba, akwai kuma waɗanda suka fita ta taga.

Wutar ba ta cinye ginin ba. Kusan a falon da kewayensa ta tsaya, kuma 'yan kwana-kwana ba su jima ba suka ci ƙarfinta. Amma ɗalibai uku, kowannensu ɗan shekara 18, sun rasu: biyu ƙuna ce ta kashe su, ɗaya hayaƙi. Sama da mutum 50 suka jikkata, wasunsu suka yi watanni a sashen masu ƙuna na asibitin Saint Barnabas da ke Livingston. Hotunan jinyar biyu daga cikinsu, da jaridar Star-Ledger ta buga, sun sami lambar yabo ta Pulitzer a 2001.

Bincike ya ɗauki fiye da shekara uku. A watan Yunin 2003 aka tuhumi wasu ɗalibai biyu mazauna ginin, a Nuwamban 2006 suka amsa cewa su suka kunna wa takardar wuta da sunan wasa, a Janairun 2007 aka yanke wa kowannensu ɗaurin shekara biyar.

Me ginin yake da shi na kariya? Akwai na'urorin gano hayaƙi, akwai ƙararrawa, akwai tulunan kashe gobara a rataye. Mesar ruwa da ke cikin ginin kuwa an cire ta daga layin ruwa saboda ta tsufa. Babu kuma bututun yayyafin ruwa a rufi, wanda ke zubo ruwa da kansa in zafin wuta ya taɓa shi, domin ƙa'idar da ta wajabta shi a irin waɗannan gine-gine ta zo ne a 1984, bayan ginin ya yi shekara 32 a tsaye. A nan ne kalmar "tsoho" take da ma'anarta ta farko. Dokokin gini a mafi yawan wurare ba sa waiwaye. Abin da ya halatta ranar da aka kafa shi yana ci gaba da halatta har sai an yi wa ginin babban gyara, ko an sauya abin da ake yi a cikinsa, ko an yi wata doka ta musamman da ta ce kowa ya gyara. Ginin 1952 yana iya zama daidai da doka a shekarar 2000 ba tare da ya kai matsayin kariyar shekarar 2000 ba.

Abin da ke cikin bangon irin waɗannan gine-gine

Ba zan ɗora wa wayoyin Boland Hall laifin da ba su yi ba, tunda sun kai saƙo. Amma sa'o'in wannan gini suna nan birjik, domin jami'o'in Amurka sun yi gine-gine masu yawa daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu zuwa shekarun 1970, kuma wanda ya fahimci yadda na'urorin wancan zamani suke zai gane yadda ƙararrawa ke zubar da mutuncinta a idon mutane sannu a hankali.

Asalin abin daga wayar tangaraho ne. A 1852 birnin Boston ya kafa tsarin da William Channing da Moses Farmer suka ƙirƙiro: akwati a bakin titi, a cikinsa wata ƙaramar ƙafar ƙarfe mai haƙora, idan aka juya ta sai ta aika lambar akwatin zuwa ofishin tsakiya. Wannan dabara ta shiga cikin gine-gine. A tsofaffin makarantu har yanzu akan ci karo da akwatin ja mai lamba, wanda in ka ja hannunsa sai ƙararrawar ta buga, misali, sau biyu, ta tsaya, ta buga sau huɗu, ta maimaita zagaye huɗu, sannan ta yi shiru. Mai gadi da ya haddace lambobin ya san daga wane hawa aka ja. Dabara ce mai kyau a zamaninta. Matsalarta ita ce ɗalibin da bai san lamba ba, abin da ya ji kawai shi ne ƙararrawa ta yi ta daina, kuma a wurin kowa shiru yana nufin an gama.

Bayan wannan sai tsarin shiyya-shiyya, wanda shi ya fi yawa a cikin tsofaffin da suka rage. Ana raba gini kashi-kashi, kowace shiyya da wayoyinta biyu da suka taso daga babban allon da ke sarrafa ƙararrawar suka bi ta kan duk na'urorin gano hayaƙi da akwatunan ja na wannan yanki. A can ƙarshen layin ana ɗaura wata 'yar rezista, wato 'yar na'urar da ke rage yawan wutar lantarkin da ke wucewa. Allon yana tura wuta kaɗan a kai a kai yana auna abin da ya dawo. In adadin da rezistar ta bari ya wuce ne ya dawo, lafiya lau. In babu abin da ya dawo, waya ta tsinke, sai fitilar matsala ta kama. In wuta ta dawo da yawa, wata na'ura ta haɗe wayoyin biyu, wato gobara. Abu uku kacal allon ya iya ganewa, kuma ina ganin akwai kyau a wannan sauƙin: babu manhaja, babu abin da zai rikice, ma'aikacin lantarki mai mita a hannu yana iya bin layin daga farko zuwa ƙarshe.

Sai dai ka duba abin da allon bai iya faɗa ba. Zai ce maka shiyya ta uku, ba zai ce maka wace na'ura ba cikin talatin ko arba'in da ke kan layin. Ba ya rubuta lokaci. Bai san cewa na'urar da ke bakin banɗaki ta cika da ƙura har ta kusa fara ihu da kanta ba. Ruwan da ya ɗiga cikin akwatin haɗin waya ya haɗe layin, a wurinsa daidai yake da wuta. Saboda haka idan ƙararrawa ta tashi ba dalili, mai gyara ya zo da safe ya danna maɓallin mayarwa, komai ya koma daidai, kuma babu wanda ya san me ya tashe ta. Mako mai zuwa ta sake. Abin da ba a san sababinsa ba, ba a iya maganinsa.

Su kansu na'urorin gano hayaƙin iri biyu ne manya. Akwai mai ɗan ƙwayar sinadarin amerisiyam-241 a ciki, wadda ke sa iskar cikin na'urar ta ɗauki wutar lantarki kaɗan, in hayaƙi ya shiga sai wutar ta ragu. Wannan tana saurin jin wuta mai harshe, amma tana saurin tashi saboda ƙaurin girki. Akwai kuma mai haske, wadda ke jira hayaƙi ya watsa hasken wata 'yar fitila zuwa kan idonta. Ita ta fi jin wuta mai cin ƙasa-ƙasa, irin ta katifa ko kujera, amma tururin wanka da ƙura da ƙananan ƙwari suna ruɗa ta. Dukkansu yau da gobe tana canza su. Ƙa'idar NFPA 72, wadda ita ce madogarar Amurka kan ƙararrawar gobara, ta ce a auna kaifin jin kowace na'ura cikin shekara ɗaya bayan kafa ta, sannan duk bayan shekara biyu. A tsohon tsari wannan yana nufin mutum ya ɗauki tsani ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A tsarin da ya fara yaɗuwa a shekarun 1980, wanda kowace na'ura ke da adireshinta, allon da kansa yake karanta matakin dattin kowace, ya daidaita kaifin jinta gwargwadon dattin, ya kuma faɗi wadda ke buƙatar wanki kafin ta tayar da mutum 600 daga barci.

Akwai kuma maganar batir, wadda ba a cika kula da ita ba sai ranar da aka ɗauke wuta. Wasu daga cikin mafi tsufan tsare-tsaren kai tsaye suke cin wutar gini, ba su da ajiya ko kaɗan. Ƙa'idar yanzu tana neman batirin da zai riƙe tsarin awa 24 yana jira, sannan ya iya kaɗa ƙararrawa minti biyar, ko minti 15 idan tsarin mai magana ta lasifika ne. Batirin gubar da ake sa wa allon kuwa bai cika wuce shekara biyar ba.

Ƙarar da ke tashin mai barci

Wani ɓangaren da lamarin Boland ya sa ni yawan tunani a kai shi ne ƙarar kanta. Tsohon gini yakan sa ƙararrawa ko ƙaho a lungu kawai, a bar sautin ya ratsa ƙofa ya isa gado. Ƙofar da aka yi ta da kauri don ta tare wuta tana tare sauti ma. Ƙa'idar yanzu a wurin kwana ita ce sauti ya kai desibel 75, a ma'aunin ƙarfin sauti, a daidai matashin kai, da ƙofa a rufe, kuma ba kasafai ƙararrawar lungu ke cika wannan ba.

Kalar sautin ma tana da tasiri. Binciken Dorothy Bruck da Ian Thomas a Jami'ar Victoria ta Ostireliya ya nuna cewa sauti mai kauri na haz 520 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirancin sauti) ya fi siririn ƙarar nan ta wajen haz 3,000 tashin mutane, musamman masu raunin ji da matasan da suka kwanta bayan sun sha barasa. A kan haka NFPA 72 ta wajabta sautin haz 520 a sababbin wuraren kwana daga 1 ga Janairun 2014. Ka tuna su wane ne ke kwance a Boland Hall: matasa, a tsakiyar nauyin barci, bayan daren murna. Ginin da aka kafa wa ƙararrawa kafin 2014, doka ba ta tilasta masa canzawa don kawai ƙa'ida ta canza.

Haka zancen yake da salon bugun. Tun 1 ga Yulin 1996 sababbin tsare-tsare a Amurka suke amfani da bugu uku, shiru, bugu uku, domin duk inda mutum ya ji ya san fita ake nufi. A harabar jami'a guda kuwa, ɗalibi yana iya jin ƙararrawar ƙarfe a ɗakin karatu, ƙaho mai gurnani a ɗakin gwaje-gwaje, bugu uku a wurin kwanansa. Kurma kuma bai ji ko ɗaya ba, sai in akwai fitila mai walƙiya, abin da ya yaɗu bayan dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka ta 1990.

Amma ko an ji, sai an yarda. A farkon shekarun 1990 Guylène Proulx da Jonathan Sime suka yi gwaji a wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Newcastle ta Ingila. Da aka kaɗa ƙararrawa kawai, mutane suka ci gaba da harkokinsu, wasu ma suna ƙara shiga tashar. Da aka yi musu magana ta lasifika, aka faɗi abin da ke faruwa da inda yake da hanyar da za su bi, cikin ɗan lokaci suka kama hanyar fita. Ƙararrawa dai ƙara ɗaya gare ta, ko wasa ne ko mutuwa. Murya kuwa tana iya cewa akwai wuta a falon hawa na uku, ku bi ɗaya matakalar. Ina ganin da masu barcin Boland sun ji jimla irin wannan, da wuya su ja bargo, kuma da wuya wani ya rarrafa ya nufi falon.

Shin sabon tsari zai hana abin da ya faru?

Nan ne ya kamata a yi adalci. Sabon allo ba ya hana yaro mai neman wasa jan akwati da ƙarfe uku na dare. Abin da yake yi shi ne ya rubuta cewa akwati kaza ne, a daƙiƙa kaza, don a san inda za a sa ido. Akwai murfin roba mai haske da ake kifawa a kan akwatin, wanda in an ɗaga shi yake yin ƙara a wurin kafin a kai ga jan hannun, kuma wannan kaɗai yana korar masu wasa da yawa. Akwai tsarin da ke ba ma'aikacin da ke gadi daƙiƙa 15 ya amsa saƙon na'urar hayaƙi, sannan daƙiƙa 180 ya je ya duba kafin a tashi gini duka, in hukumar kashe gobara ta amince. Duk waɗannan hanyoyi ne na rage kukan ƙarya. Babu ɗaya cikinsu da zai yi aiki idan hukumar makaranta ta ɗauki ƙararrawa 18 a zango ɗaya a matsayin halin ɗalibai kawai, wanda za a yi tsaki a wuce.

Ra'ayina shi ne, lambar nan 18 ita ce babbar alamar lalacewa da ginin ya nuna kafin gobarar. Da fitilar matsala ce ta kama a allo sau 18, da an kira mai gyara. Ƙararrawar gobara ba ta ƙare a ƙarfen da ke bango, zaren ya miƙe har zuwa ƙafar wanda zai sauko daga gado. Idan wannan ƙarshen ya tsinke, tsarin ya lalace ko da kowace waya tana nan garau. Bambancin kawai shi ne babu rezistar da ke auna shi.

Ban kuma yarda da masu cewa duk abin da ya tsufa a tumɓuke shi ba. Ƙararrawar ƙarfe da aka kafa shekara hamsin da suka wuce tana iya fin sabon ƙahon roba ƙarko. Tsarin shiyya a ƙaramin gini mai hawa biyu, wanda ake gwadawa a kan lokaci, ba shi da aibu. Sabon tsari ma yana da nasa ciwon: manhajarsa a hannun kamfani ɗaya take, kuma ranar da kamfanin ya daina ƙera allon, ka zama mai tsohon kaya ko da bai shekara ashirin ba. Shekarun na'ura ba su ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne ko tana sanar da tsinkewar wayarta, ko tana rayuwa in an ɗauke wuta, ko ana jin ta a kan gado, ko tana kai saƙo ga 'yan kwana-kwana da kanta ba sai wani ya buga waya ba, ko ana samun kayan gyaranta, sannan sau nawa ta yi ƙarya a bana.

Kayan gyaran nan su ne ke fara kayar da tsohon tsari. Na'urar hayaƙi mai waya biyu ba ta shiga kowane allo, sai wanda aka gwada su tare aka tabbatar sun dace. In kamfani ya daina yin ta, sai ka ga ma'aikatan jami'a suna ciro na ginin da za a rushe suna adanawa a sito don ciyar da sauran. Suna yin haka ne da kyakkyawar niyya, kuma sau da yawa ƙwarewarsu ce ke riƙe da gine-ginen. Amma ilimin yakan zauna a kan mutum ɗaya ko biyu da suka san inda kowace waya ta bi, zanen asali ya ɓace ko an yi ta ƙari a kansa ba a rubuta ba. Ranar da suka yi ritaya, ginin ya zama baƙo ga masu shi.

Me ya sa ba a canzawa? Ba sakaci ba ne kullum. Wurin kwanan ɗalibai ba ya zama fanko sai a dogon hutu, aikin kuwa yana buƙatar sabuwar waya zuwa kowane ɗaki. Rufin gine-ginen wancan zamani sau da yawa akwai asbestos a ciki, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, huda shi kaɗai aiki ne mai tsada da ƙa'idoji. Taɓa tsarin sosai yana iya jawo a ce sai an kawo ginin duka daidai da dokar yau. Sannan mai ba da gudummawa yana son sunansa a goshin sabon gini, babu wanda ake yanka masa kirtani don ya canza waya a cikin silin. Haka aikin yake komawa shekara mai zuwa, kowace shekara.

Abin da ya biyo baya

New Jersey ba ta ɓata lokaci ba. A watan Yulin 2000, ƙasa da wata shida bayan gobarar, Gwamna Christine Todd Whitman ta sa hannu a dokar da ta wajabta bututun yayyafin ruwa a duk wuraren kwanan ɗalibai na jami'o'i da makarantun kwana na jihar, tsofaffi da sababbi, cikin shekara huɗu, tare da asusun rance na dala miliyan 90. Muhimmin abin shi ne dokar ta waiwaya baya, ta shafi gine-ginen da ke tsaye. Wani zai ce ihu ne bayan hari, kuma ga iyalai uku haka ne. Gargaɗi ma ya riga ya zo, domin a watan Mayun 1996 mutum biyar sun rasu a gobarar wani gidan ƙungiyar ɗalibai a Chapel Hill ta jihar North Carolina.

Zaɓin yayyafin ruwa daidai ne, kuma dalilin yana cikin lamarin kansa. Kan bututun yana da 'yar kwalba mai ruwa a ciki, irin da aka fi sawa tana fashewa a digiri 68, kuma kan da zafi ya taɓa ne kaɗai ke buɗewa. Ba ya buƙatar kowa ya farka, balle ya yarda. A falon da ya kai digiri 800, ruwa zai fara zuba tun wutar tana kan kujera ta farko. Amma bututun ba ya fitar da mutane daga hayaƙi, kuma wuta mai cin ƙasa-ƙasa tana iya cika ɗaki da guba kafin zafi ya isa rufi. Dokar ta kuma tsaya ne a wuraren kwana. Ɗakunan gwaje-gwaje masu sinadarai, ɗakunan karatu da ake kwana ana bita a cikinsu, manyan zaurukan lacca, nan ne tsofaffin alluna suka fi daɗewa, domin ba a ɗauke su wurin barci ba.

A matakin tarayya, gwagwarmayar da ta taso daga wannan gobara ta kai ga saka sharuɗɗan tsaron gobara a cikin dokar ilimi mai zurfi da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Agustan 2008. Tun daga nan, duk jami'ar da ke cikin tsarin tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya kuma take da wurin kwana a harabarta, dole ta buga rahoto kowace shekara: gobara nawa aka yi, me ya jawo ta, mutum nawa suka jikkata ko suka rasu, wace irin kariya ke cikin kowane gini, atisayen fita nawa aka gudanar. Uba ko uwa suna iya buɗe rahoton kafin su kai ɗansu, su ga ko ginin da za a sa shi yana da yayyafin ruwa.

Jerin abubuwan da rahoton ya wajabta bai haɗa da adadin ƙararrawar ƙarya ba. Da za a cike irin wannan takarda a kan Boland Hall ranar 18 ga Janairun 2000, za ta nuna akwai na'urorin hayaƙi, akwai ƙararrawa, akwai tulunan kashe wuta, babu yayyafin ruwa. Sau 18 ɗin nan ba za su fito a ko'ina ba. Wanda ke son ya san su sai ya je ofishin masu kula da gine-gine ko tashar 'yan kwana-kwana ta garin ya nemi littafin kira, ko kuma ya tsayar da ɗalibin da ke zaune a hawa na uku ya tambaye shi abin da ya yi a daren da ƙararrawa ta tashi ta ƙarshe.